Dutse Mai Masu Shi: Amsoshin Tambayoyinku kan Ziyarar Duwatsun Bakin Kogi

Wasiƙar wani dattijo daga Birnin Kebbi ce ta buɗe filin wannan watan, yana tambaya kan wani dutse a Kanada. Sai muka haɗa ta da wasu wasiƙun da suka jima a ajiye, masu tambaya kan irin waɗannan wurare a nan gida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na karatu a garin Lethbridge na ƙasar Kanada, kuma in Allah ya yarda zan tai bikin gama karatunshi cikin watan Yuni. Ya ce zai kai ni wani dutse bakin gulbi da mutanen asalin ƙasar ke girmamawa, wai akwai zane-zane jikinshi. Mine ne wanga wuri, kuma wane shiri ya kamata in yi? Shekaruna sittin da uku. *Daga wani Alhaji, Birnin Kebbi.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa karatun albarka. Wurin da yaron ke nufi shi ne wanda Turawa ke kira Writing-on-Stone, wato rubutu a kan dutse, a kudancin lardin Alberta, dab da iyakar Amurka. Masu wurin, al'ummar Blackfoot, suna ce masa Áísínai'pi, ma'ana "an zana" ko "an rubuta". Gwamnatin lardin ta killace shi ya zama gandu a 1957, UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.

Kwari ne mai faɗi, kogin Milk ya ratsa ta tsakiyarsa, ruwan fari-fari kamar shayin da ya ji madara saboda laka, daga nan ma sunan kogin ya fito. Gefen kwarin katangu ne na dutsen yashi, ga ginshiƙai birjik a tsaye kamar rumbunan da aka kifa wa murfi. Kai da ka san tuddan kewayen Birnin Kebbi da Gwandu, masu marmara a ka da taushi a ƙasa, ba za ka sha wuyar gane yadda suka samu ba: saman ya fi tauri, ruwa da iska da ƙanƙara suka yi ta cin na ƙasa suka bar hular. A jikin katangun nan zanen yake, a wurare fiye da 50, siffofi dubbai. Mafi yawansu karce su aka yi a jikin dutsen, kaɗan ne aka shafa da jar ƙasa. Masu haƙar kayan tarihi sun tabbatar mutane na zuwa kwarin fiye da shekara 3,000.

Ga abin da zai sa idonka ya karanta zanen, ba kallo kawai ba. In ka ga mutum da ƙatuwar garkuwa zagayayya ta rufe shi, kai da ƙafafu ne kaɗai a waje, wannan salon tun kafin zuwan doki ne, domin mayaƙin ƙasa ne ke ɗaukar irin wannan garkuwar. Doki ya iso hannun Blackfoot wajen 1730, daga nan garkuwa ta ƙanƙance, dawaki da bindigogi suka shigo cikin zane. Akwai wani bango guda da ke nuna yaƙi, mai siffofi sama da 250, da tantuna da mahaya da layukan ɗigo-ɗigo masu nuna inda harsashi ya bi. Akwai ma zanen motoci biyu da wani dattijon Piikani, ɗaya daga rassan Blackfoot, mai suna Bird Rattle ya karce a 1924, don tuna tafiyar da ya yi zuwa wurin a mota. Wannan ya isa ya nuna maka cewa ba kufai za ka je ba. Jikokin masu zanen suna nan, Siksika da Kainai da Piikani a Kanada, da 'yan'uwansu a jihar Montana ta Amurka, kuma har yau suna zuwa addu'o'insu. A imaninsu kwarin mazaunin ruhohi ne, zanen kuma saƙo ne. Samarinsu kan kwana a can da azumi suna neman mafarkin da zai shiryar da su. Gwamnatin Kanada ta taɓa tsare su a keɓaɓɓun filaye, ta haramta wasu bukukuwansu daga 1895 har 1951, ta riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hana su harshensu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda suke kishin dutsen ba.

Yanzu shiri. Motar haya ba ta zuwa, sai da taku, kuma daga Lethbridge tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Ku cika tanki a ƙaramin garin Milk River, domin sauran kilomita 40 da ɗoriya gonaki ne da makiyaya. Wurin kashi biyu ne. Akwai inda kowa ke shiga da ƙafarsa, da 'yar hanya mai bi ta tsakanin ginshiƙan har gaban zanen yaƙin, kilomita biyu da 'yan kai zuwa, haka kuma dawowa, da hawa da gangara. Akwai kuma sashen da aka rufe tun 1977, inda ba a shiga sai da jagoran gandun, a ƙungiya, da tikiti. A shekarunka mun fi son maka wannan na biyun, domin mota ke kai ku kusa, kuma wasu jagororin 'yan Blackfoot ne, za ka ji labarin daga bakin masu shi. Kujerun ƙidayayyu ne, don haka yaron ya kama muku wuri ta intanet tun kafin ka taso.

Kada sunan Kanada ya ruɗe ka. Da rana tsaka a tsakanin duwatsun zafi kan doshi digiri 40, inuwa kaɗan ce, iskar kuma busasshiya ce irin ta hunturunmu, gumi na bushewa kafin ka ji shi, sai mutum ya ƙare ruwan jikinsa bai sani ba. Kowa ya riƙe ruwa lita biyu aƙalla, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa. Ka sa malafa, da takalmi sau-ciki mai kauri saboda ƙaya da maciji. Babbar riga ka bar ta ranar biki, domin akwai matsattsun wurare da za ta riƙa gogar dutse tana kama ka. Ka tafi da rigar sanyi don yamma, da maganinka in kana shan na hawan jini ko sukari. Wayarka na iya kama layin Amurka saboda kusancin iyaka ta cinye maka kuɗi, a wasu wuraren kuma babu layin sam.

Salla ma tana son lura. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ta fi karkata ga arewa, saɓanin gabas da ka saba. A Yuni azahar sai wajen ɗaya da rabi, magariba bayan tara da rabi na dare. Ka yi alwala da salla a filin da baƙi ke sauka, inda akwai famfo da makewayi. Kada ka zuba ruwan alwala a gindin bangon zane, kada kuma ka buga hannu a jikinsa don taimama.

Tambaya: Anya ya dace musulmi ya tai wurin da aka ce ana bautar iskoki? Mu nan muna da dutsen Kwatarkwashi, tun muna yara iyayenmu ke hana mu kusantar duk inda aka ce an taɓa yin tsafi. *Daga wata Malama, Gusau.*

Amsa: Malama, fatawa ta malamai ce, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba babu laifi ya zauna gida. Abin da za mu iya shimfiɗa miki shi ne yadda ziyarar take a aikace, don mai tambayar malami ya san abin da zai tambaya.

Kallo daban, shiga cikin ibada daban. A Áísínai'pi babu mai ce wa baƙo ya rusuna, ko ya ajiye wani abu, ko ya maimaita wata addu'a. Za ki iya cin karo da ƙullin taba ko ƙyalle a ɗaure a wani lungu, wannan sadakar masu wurin ce bisa imaninsu. Ba a ce ki ajiye naki ba, abin da ake nema shi ne kada ki ɗauka, kada ki tsallake, kada ki ture da ƙafa. In kin tarar ana wani biki, ki ja baya ki ba su wuri, ki mayar da waya jaka. A nan gida ma haka ne. Kwatarkwashi ta yi suna a tarihi a matsayin cibiyar addinin gargajiya, kamar yadda Dala ta yi a Kano zamanin Barbushe, yau kuwa garin musulmi ne mai sarki, kuma hawan dutsen don ganin tarihi ba ya nufin komawa ga abin da kakanni suka bari. Inda ake buƙatar hattara shi ne wurin da har yanzu ake aiki da shi, kamar Girmache a ƙasar Zuru. A can ki tambayi sharuɗɗan shiga tun daga waje. In akwai wanda ya saɓa wa addininki, misali a ce sai an yanka wani abu da sunanki, ki yi godiya ki tsaya a iyakar da aka yarda baƙo ya tsaya. Masu kula da irin waɗannan wurare sun saba da musulmi da kirista, a gida ɗaya ma sukan fito, kuma sun fi jin daɗin wanda ya faɗi gaskiyarsa cikin ladabi da wanda ya shiga yana toshe dariya.

Bakin mutum ma abin tsarewa ne. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke kira baicin Allah, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Kalmar "arna" tana yi wa mutane ciwo ko da mai faɗinta bai nufi zagi ba. Waɗanda muke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, Gungawan Yawuri kuma Reshe, kuma mutum yakan saki fuska in ya ji sunan da yake kiran kansa. Haka a Kanada, "Indiyawan daji" da muka tsinta a finafinai suna ne na raini. A ce Blackfoot, a gaishe su da "Oki", ita ce sannunsu. Muna roƙon samari musamman: farfasa irin waɗannan wurare ko rubuta wa'azi da fenti a kansu bai taɓa shiryar da kowa ba, gaba kawai yake haifarwa tsakanin maƙwabta.

Tambaya: Na ɗauki hoton wani zane jikin dutse amma bai hito ba, sai ka ce bango ne kawai. Abokina ya ce in jiƙa wurin da ruwa ko in bi layin da alli. *Daga wani ɗalibi, Argungu.*

Amsa: Ɗalibi, kada ka yi ko ɗaya. Dutsen yashi ƙwayoyin rairayi ne da wani siririn abu ya manne su, shi ya sa in ka goga yatsa kake jin gari. Zanen da zurfinsa bai kai kaurin farce ba, hannu ɗari sun isa su shafe shi, maiƙon hannu kuma yana baƙanta wurin ya kama ƙura. Ruwa in ya shiga dutse yakan narkar da gishirin ciki, da ya bushe gishirin ya taru a ƙarƙashin fatar dutsen ya ɓamɓare ta, zanen ya zubo tare da ita. Alli yana shiga ramukan dutsen ba ya fita, yana ɓata gwajin da masana ke yi don gano shekarun zane, sannan abin da ka bi da shi hasashenka ne, ba lallai abin da mai zanen ya yi ba. Ɗora takarda a goga fensir ma ɓarna ce.

Matsalarka haske ne. Da rana tsaka hasken na faɗowa daidai, babu inuwa cikin karcen. Ka koma da hantsi na fari ko bayan la'asar, lokacin da rana ke zuwa ta gefe, kowane layi zai yi 'yar inuwarsa ya fito raɗau. Ka kashe fitilar kyamara. In bangon na cikin inuwa, wani ya tsaya gefe da farin kwali ya karkato hasken rana a kwance. Zanen fenti, irin shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jigawa, ya fi fitowa a inuwa ko ranar hadari. Ka nemi izini kafin ɗauka, kuma in wurin ba shi da mai gadi, kada ka bayyana ainihin inda yake a Facebook, domin masu rubuta sunansu da ƙusa suna bin hoto. A Alberta tarar ɓata irin wannan wuri takan kai dalar Kanada 50,000 ko ɗaurin shekara guda. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba izini, don haka katangar tukunya ko dutsen niƙa da ka gani a gindin dutse, ka bar shi inda yake ka sanar da hukuma.

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a sakandare. Ina son kai ɗalibai arba'in wani dutse bakin Kwara da mutanen ƙauyen ke girmamawa, kuma sai an shiga jirgi. Ta ina zan fara? *Daga wani Malam, Yawuri.*

Amsa: Malam, ka fara da tsaro. Halin da wasu sassan kudancin Kebbi da Zamfara ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ka ji ta bakin hakimi da jami'an tsaron yankin, ka sake ji ana gobe tafiya, in sun yi ɗan jim kafin amsa to ka ɗage. Gidan tarihin Kanta na Argungu yana nan a matsayin madadi. Ka karɓi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce.

Daga nan ka je kai kaɗai, mako biyu kafin ranar. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka bi ta fada, hakimi ya haɗa ka da mai gari, mai gari ya haɗa ka da gidan da ke riƙe da dutsen, tunda kuma ruwa za a shiga, Sarkin Ruwa ma a gaishe shi. Ka riƙe goro, ko rabin ƙwarya ne, da ɗan abin gaisuwa ga wanda zai yi jagora, a yanke shi tun farko don kada a yi ciniki a gaban yara. Ka tambaya dalla-dalla: wace rana ce ba a zuwa, ina ne iyakar baƙo, mata na shiga ko akwai inda suke tsayawa, ana cire takalmi, ana ɗaukar hoto, akwai itacen da ba a karya ko kifin da ba a kamawa. Ka rubuta amsoshin ka karanta wa ɗalibai a aji. 'Yan Kebbi ba baƙin wannan ba ne, kowa ya san ba a jefa homa a Matan Fada sai ranar da aka ba da izini.

Ruwan ne ya fi dutsen haɗari. Ba mu manta jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta. Lodi fiye da kima, tsufan katako, da kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968, su ne ke kifar da jirage a wannan yankin. Kada ka zuba yara arba'in a jirgi ɗaya. Ka raba su sahu-sahu, babba ɗaya ga yara goma, kowa da rigar ruwa a ɗaure, ba a riƙe a hannu ba. Ka duba gefen jirgin bayan an shiga: in tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi ba ta kai taƙi biyu ba, a rage mutane. A zauna, ba a tashi tsaye don hoto. Ku tashi da safe, ku kasance kun dawo kafin la'asar, domin iska kan taso da yamma. Daga Agusta zuwa Oktoba kogin a cike yake da ruwan damina mai laka da ƙarfi, sannan wajen Disamba da Janairu yakan sake tasowa da ruwan da ya taho daga tsaunukan Gini, don haka matuƙan wurin ne za su faɗa maka makon da ya fi kwanciya. Ka tambaye su inda dorina take kwana, a kauce mata da nisa.

A gindin dutsen kada a tsaya ƙarƙashin inda ya yi rumfa, a saman kuma kada a matsa baki. Kogi yana cin gindin gaɓa ta ƙasa, sai saman ya zama kamar faifai ba abin da ya tallafe shi, kuma bayan ruwan sama ne ya fi zubewa. A bar taku biyar tsakanin yara da bakin. Dutse mai gansakuka santsi ne da shi ko da ya yi kamar ya bushe. Ƙudan zuma na son kogon dutse, don haka ranar ba turare, ba jifa, ba ihu. A hana yara wanka a ruwan da ya kwanta gefen ciyawa, nan ake ɗaukar tsargiya. Ka tafi da lita biyu na ruwan sha ga kowane yaro, da sukari da gishiri: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, ga wanda rana ta buga. A ƙirga yara sau huɗu, wajen shiga jirgi da fita, zuwa da dawowa. Ledar ruwa da ta biskit a dawo da su gida.

Tambaya: Mai gidana ne zai tai Kanada, kuma na ji an ce akwai macizai wurin. In Allah ya kiyaye aka yi sara, mi za a yi? *Daga wata Hajiya, Birnin Kebbi.*

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sara ba kasafai yake faruwa ba. Macijin da ake nufi shi ne mai caki a wutsiya, yakan kaɗa ta don gargaɗi in an matso shi, kuma gudun mutum yake yi. In Alhaji ya ji ƙarar, ya tsaya cak, ya gano inda take fitowa, sannan ya ja baya a hankali. Kada ya sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kada ya zauna sai ya duba, kada kuma ya ɗauki sanda, domin kashe shi a gandun laifi ne.

In an yi sara, a kira lambar 911, in babu layi a aika wa ma'aikatan gandun. A zaunar da shi, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a lura da lokacin da abin ya faru. Ba a ɗaure da igiya, domin ɗaurin yana tsare dafin wuri guda ya kashe naman. Ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a ɗora baƙin dutse ko ƙanƙara. Wannan ƙa'idar ita ce ta kububuwa da kasa a gonakinmu ma. A ɗauke shi zuwa mota maimakon ya taka da ƙafarsa, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji, ko da a lokacin bai ji komai ba.